Abin da Ya Sa Waya Ke Ƙin Buɗe Wasu Fayiloli

A Zongon Kumasi, daga Aboabo zuwa Sabon Zongo, daga Alabar zuwa Asawase, babu kayan da ke yawo tsakanin wayoyin jama'a kamar karatun malamai da finafinan Kano. Bayansu sai waƙoƙi, da hotunan suna da na biki, da saƙon murya na 'yan'uwan da ke Jamus ko Italiya ko Saudiyya. Wani a tura masa ta WhatsApp, wani ta Xender, wani kuma ya ɗauki katin memori ya gangara Adum, wajen masu waya na PZ, a cika masa. Abin da kan biyo baya kuwa kowa ya san shi. Fim ya buɗe, mutane na motsa baki, murya babu. Tsohon tafsirin da aka kwafo daga kwamfutar wani ya ƙi tashi sam. Hoton jaririn da aka aiko daga Turai ya tsaya baƙi ƙirin, ko waya ta rubuto cewa ba ta san irin wannan fayil ba.

Nan da nan sai a shiga rabon laifi. Mai waya ya ce mai turawa ne ya cuce shi. Mai turawa ya ce wayar ce ƙarama. Mai gyara ya ce bairos ne, a kawo a wanke ta. Sau da yawa duk ukun ba su dace ba: fayil lafiyarsa ƙalau, wayar ma haka. Tun kafin ta baro masana'anta a Shenzhen an riga an yanke irin fayilolin da za ta gane da waɗanda za ta kau da kai daga gare su, kuma masu yanke hukuncin lissafin kuɗi da shari'a da gasa suka yi. Ba su san da Aboabo ba.

Da farko sai an raba abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Haruffan nan da ke ƙarshen sunan fayil, MP4 ko MKV ko AVI, sunan mazubi ne kawai. Jikokin fataken goro ba sa bukatar dogon bayani a nan: huhu daban, goron da ke ciki daban, kuma ganin huhu ba ya gaya maka fari ne ko ja. A cikin mazubi ɗaya akwai hoto mai motsi da aka matse ta wata dabara, akwai murya da aka matse ta wata dabarar daban. Wannan dabara ta matsewa da warwarewa ita ake kira kodek. Matsewar kuwa dole ce, don fim mai kyan hoto na awa biyu, in an bar shi yadda kyamara ta ɗauke shi, ɗaruruwan gigabait zai ci. To, waya tana iya sanin mazubin, ta san kodek ɗin hoton, amma ba ta san na muryar ba. Asalin fim ɗin kurame ke nan.

Babban dalilin rashin sanin kuwa kuɗi ne. Yawancin waɗannan dabaru suna da masu su, waɗanda suka yi musu rajistar haƙƙin ƙirƙira, kuma irin wannan rajista shekara 20 take yi kafin ta mutu. MP3 da kowa ya ɗauka kamar ruwan sama ne, cibiyar bincike ta Fraunhofer a Jamus ce ta ja gaba wajen ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1990, kuma duk mai ƙera na'urar da ke kunna ta sai da ya riƙa biyan lasisi har zuwa watan Afrilun 2017. Ƙananan rediyoyin nan masu cin kati, da tsofaffi ke ajiyewa a gefen tabarma suna sauraron karatun Alƙur'ani, sun yi arha ne a kan dabarar da ta tsufa, kowa ya iya ta, daga bisani kuma ta zama ta kowa.

A ɓangaren bidiyo, H.264 da aka kammala a 2003 ita ce ta mamaye duniya, kuma ta mamaye ne saboda biyanta yana da sauƙin ganewa. Yawancin kamfanonin da ke da haƙƙi a cikinta sun haɗa kai a ƙarƙashin wani dillali ɗaya a Amurka mai suna MPEG LA. Na'urori dubu ɗari na farko kyauta, daga nan santi 20 na dala a kan kowace ɗaya, in an haura miliyan biyar ya koma santi 10, sannan akwai iyakar abin da kamfani ɗaya zai biya a shekara. Mai ƙera waya ya san inda zai je da abin da zai bayar. Magajiyarta H.265, wadda ake kira HEVC, ta fito a 2013 da alkawarin rage nauyin fayil da kusan rabi, abin da ya fi kowa amfanar mai sayen data da sidi biyu da uku. Amma masu haƙƙin sun kasa zama inuwa ɗaya. Ga MPEG LA, ga HEVC Advance da ta ɓullo a 2015, ga Velos Media a 2017, ga kuma wasu kamfanonin da suka ƙi shiga ko'ina suka ce a same su a gida. A lokacin, ka biya uku, na huɗu ya maka ka a kotu. Shekaru aka kwashe masu manhaja suna ɗari-ɗari da ita. Har yau mai kwamfutar Windows yakan tarar sai ya sayi ƙarin manhaja ta kusan dala ɗaya kafin ya kalli bidiyon da aka ɗauka da sabuwar waya.

Santi 20 ba komai ba ne a farashin iPhone. A wurin Transsion, kamfanin da ke ƙera Tecno da itel da Infinix, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanen Zongo, lissafin daban ne. Yana sayar da wayoyi sama da miliyan ɗari a shekara, ribar kowace ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba kodek ɗaya ake biya ba: Dolby na da nasa kuɗin, DTS na da nasa, Microsoft na da nasa. Google kuwa, mai tsarin Android, ya fitar da jerin nau'o'in da wajibi ne kowace waya ta iya, sauran ya bar wa mai ƙerawa ya ga dama. Shi ya sa wayoyi biyu, dukansu Android, ɗaya ta kunna fim ɗaya ta ƙi. Muryar faifan DVD galibi da dabarar Dolby mai suna AC-3 ake matse ta, ba ta kuma cikin jerin wajibai. A 2014 manhajar MX Player, wadda kusan kowane mai tura fim ke sa wa kwastomansa, ta cire AC-3 da DTS saboda rikicin lasisi. Dare ɗaya finafinan da jiya suke magana suka yi gum, mutane suka yi ta ɗora wa lasifikar waya laifi.

Akwai kuma dalilin da ba na haɗama ba ne. Warware bidiyo aiki ne mai nauyi. In akwai sashe na musamman a ƙwaƙwalwar waya da aka ƙera don wannan kodek ɗin, aikin zai tafi sumul, batir bai san an yi ba. In babu, sai babbar ƙwaƙwalwar ta ɗauki kayan da kanta, waya ta ɗau zafi, hoto ya riƙa cijewa, caji ya zube. Wanda ya ga shekarun dumso, na yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, tsakanin 2012 da 2016, ba sai an gaya masa darajar batir ba. Sashen nan kuwa ba a ƙara shi bayan an sayi waya. A jikinta aka haife ta da shi ko babu shi. Lokacin da Google da Amazon da Netflix da Microsoft da wasu suka gaji da rigimar HEVC, suka kafa ƙawance a 2015, suka fito da AV1 a 2018 wadda ba sa karɓar lasisi a kanta, sai da aka jira masu ƙera ƙwaƙwalwa su bi sawu. Apple bai sa mata sashe a waya ba sai a iPhone 15 Pro ta 2023. Wayar da aka saya a kasuwar Kejetia shekara biyar da suka wuce, da wuya a ce tana da shi.

Dalili na gaba ya fi ban tsoro, kuma shi ne na fi yarda da shi a cikin duk uzurorin kamfanoni. Kowane nau'in fayil da waya ta iya buɗewa da kanta, ƙofa ce aka ƙara wa gida. A watan Yulin 2015 wani mai bincike, Joshua Drake, ya bayyana wani rauni a sashen Android da ke karanta bidiyo, mai suna Stagefright. Ya isa a turo maka saƙon bidiyo da aka lanƙwasa da gangan. A wasu wayoyin ko buɗewa ba sai ka yi ba, don wayar tana leƙa saƙon da kanta. An ƙiyasta wayoyi miliyan 950 ne abin ya shafa, kuma bayan wannan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. A 2021 masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka gano yadda manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, take kutsawa iPhone: fayil ne da aka yi wa suna kamar hoton GIF, alhali PDF ne, a cikinsa kuma an bi ta wata tsohuwar dabarar matse takardun da aka ɗauki hotonsu, JBIG2, wadda yawancin masu wayar ko sunanta ba su taɓa ji ba. Tana nan ne kawai don kada wata rana wata tsohuwar takarda ta ƙi buɗewa. Injiniyan da ya ga haka, in aka ce ya ƙara wani tsohon nau'i a cikin tsarin waya, dole ya yi jim.

Sai dai kada wannan ya rufe mana ido daga kishiyoyin kasuwa, don wani ƙin buɗewar kishi ne tsagwaronsa. WMA da WMV na Microsoft ne. A shekarun da kowace kwamfuta a shagunan intanet Windows ce, duk wanda ya kwafi faifan CD da manhajar da ta zo da ita, WMA yake samu ba tare da ya zaɓa ba. Karatuttuka da yawa na wancan zamani, irin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da aka juyo daga kaset da faifai, da waƙoƙin Shata, a irin waɗannan mazubai wasu kwafinsu suka kwana. iPhone ba ta taɓa karɓar WMA da kanta ba. Google ya fito da nau'in hoto na WebP a 2010, wanda da shi ake yin sitikar WhatsApp. Apple bai yarda da shi a manhajar shiga intanet ta wayarsa ba sai 2020. Shi kuma Apple a 2017 ya mayar da kyamarar iPhone tana ajiye hoto a HEIC, wanda aka gina a kan HEVC mai rigimar lasisi. In aka turo hoton ta hanyar da aka saba, WhatsApp kan juya shi zuwa JPEG. In mai aikowa ya so ya kyautata, ya turo shi a matsayin takarda don kada kyansa ya ragu, sai ya iso a HEIC, tsohuwar Tecno ta yi tsuru-tsuru. Saƙon muryar WhatsApp kansa da Opus ake matse shi, dabarar da aka daidaita a 2012, mai kyau, kuma kyauta. Amma a ciro shi a sa a ƙaramar waya mai maɓalli, wadda a Gana ake wa laƙabi da doya, ba za ta san shi ba. Kyauta ma, ashe, sai mai ƙofa ya ga damar buɗewa.

Katin memori shi ma yana da nasa labarin. Tsohon tsarin jera fayil a kati, FAT32, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Katin da ya haura gigabait 32 yana zuwa ne da sabon tsari, exFAT, mallakar Microsoft, wanda sai an biya. Kamfanin bai saki bayanansa ga kowa ba sai a watan Agustan 2019. Kafin nan, da ma bayan nan a tsofaffin wayoyi, mutum kan sayi babban kati mai kyau, waya ta ce ya lalace, a je a yi ta cacar baki da mai shago a kan jabu.

Inda lamarin ya fi taɓa Zongo, a ganina, ba a fim ba ne, a rubutu ne. Harafi ma sai waya ta san lambarsa a kundin haruffan duniya na Unicode, sannan tana da zanensa a cikinta, kafin ta nuna shi. In ɗaya ya ɓace sai ta zana ɗan akwati. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin kundin tun farkon shekarun 1990, amma ba sa cikin jerin haruffan da Turawa suka tsara wa saƙon tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Ka sa ƙ guda ɗaya, ya koma 70, ka biya kuɗin saƙo biyu ko uku. Maƙwabtanmu Tonawa sun sha irin wannan da ɛ da ɔ, har ya zama al'ada a Gana a rubuta lamba 3 a madadin na farko, a sa rabin baka a madadin na biyu. Mu kuma muka zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, aka bar mai karatu ya cinka ko ƙasa ake nufi ko kasa.

Ajami ya fi shan wuya. Garin Kumasi ba baƙon alƙalami ba ne. Tun zamanin Asantehene Osei Bonsu akwai malamai Musulmi masu rubuta wa fada wasiƙu, kuma wani ɗaurin takardun Larabci na Kumasi, da ya faɗa hannun mutanen Denmark bayan yaƙin Katamanso na 1826, yana nan a babban ɗakin karatu na Kopenhagen, ana karanta shi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami. Amma almajirin da ya tashi da rubutun Warsh, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, sai a 2016 aka ba irin haruffansa na Afirka lambobinsu na kansu a Unicode. Wasu haruffan ajamin Hausa masu ɗigo uku sai 2020. Ƙungiyar SIL ta zana salon rubutu biyu na kyauta, Harmattan da Alkalami, na biyun a kan hannun Kano. Duk da haka, samun lamba daban, shiga waya daban. Wayar da aka daina aiko wa sabuntawa tun 2019 ba za ta taɓa ganin harafin 2020 ba. Abin da malamai ke yi shi ne su rubuta da hannu su ɗauki hoto, kuma hoto ba a neman kalma a cikinsa, ba a gyara shi, ba a kwafo layi daga ciki.

A nan babu lasisi, babu zafin batir, haɗarin tsaro ma kaɗan ne. Abin da ya rage kawai shi ne wa aka ƙirga. Hujja kuwa ita ce inda aka ƙirga mu an yi mana. Transsion ya ci kasuwar Afirka ne da ya lura da abin da manya suka raina: layi biyu a waya ɗaya, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, da harsuna irin su Amharik da Swahili da Hausa a cikin waya. Rubutun Adlam na Fulani, da wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiro a Gini a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga Unicode a 2016, ya kuma samu shiga Android da Windows, saboda masu shi sun bi takarda ofis-ofis ba su gaji ba. Ba a shiga jerin da zama a jira.

Ba kowane ƙin buɗewa ne zalunci ba, gaskiya. Ɗalibin da ya samo littafi a nau'in BOK na tsohuwar Maktaba Shamila, ko fayil ɗin da aka ƙulle da RAR, bai kamata ya sa ran waya ta zo da sanin kowane abu a duniya ba. Windows kanta sai a 2023 ta fara buɗe RAR ba tare da taimako ba. Aikin manhajojin da ake saukewa ke nan. Mafi amfani cikinsu ita ce VLC, wadda ta faro a matsayin aikin ɗalibai a wata makarantar injiniya a Faransa, kuma ƙungiyar sa-kai ta VideoLAN ke riƙe da ita. Tana buɗe kusan komai, har da fayilolin DAT na tsofaffin faifan VCD da finafinan Hausa suka yi zamani a kai, domin tana ɗauke da nata kodek, kuma ƙungiyar ta tsaya a kan cewa dokar ƙasarta ba ta san haƙƙin ƙirƙira a kan manhaja ba. Kamfanin da ke sayar da waya a Amurka da Jamus ba shi da wannan mafaka. Ita ma VLC ɗin an taɓa fitar da ita daga shagon manhajojin Apple a farkon 2011 saboda saɓanin sharuɗɗan lasisi, ba ta dawo ba sai 2013.

Abin da ke damuna shi ne taskar da ke cikin katuna da tsofaffin kwamfutoci a Zongo: wa'azin Maulidi da aka ɗauka da Nokia a nau'in AMR, bidiyon ɗaurin aure a 3GP, karatun wani malamin unguwa da ya riga mu gidan gaskiya, wanda babu kwafinsa a ko'ina sai a WMA. Kamfanonin da suka haifi waɗannan nau'o'i sun wuce gaba, kuma kowace sabuwar waya tana da 'yancin manta su. Juya su ba wuya, VLC ta kwamfuta ma tana yi: murya zuwa MP3, wadda yanzu ba ta da mai ita, bidiyo zuwa MP4 mai H.264, wadda haƙƙoƙinta ke ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, takarda zuwa PDF, tare da ajiye na asalin a gefe don kowace juyawa tana ɗan rage inganci. Masu tura kaya na Adum da Aboabo suna da kwamfuta, suna da hannu, kuma su ne katunan ke ratsawa ta wurinsu. Masallatai da makarantun Islamiyya da ke da irin waɗannan muryoyi su ne ya kamata su kai musu aikin su biya, tun katin yana karantuwa.